Awa Ɗayan Da Rhonda Ba Ta Nema Ba

Rhonda Pickett mace ce mai haƙuri da juriyar aiki, amma tana da hali guda: ba ta iya buɗe baki ta faɗi abin da take so. Wanki take yi a gidan kula da tsofaffi, a wani ƙaramin gari na jihar Ohio a ƙasar Amurka. Ita kaɗai ke riƙe da 'ya'yanta biyu tun da mijinta ya sa ƙafa ya bar gari. Bayan tafiyarsa ne ta gane tana da ciki na uku.

Ta yi tunani har ta gaji, sannan ta yanke shawarar ba da abin da za ta haifa riƙo na dindindin. Ta hannun wata hukuma ta zaɓi Marlene da mijinta Curtis, mutanen kirki da Allah bai ba su haihuwa ba.

Da cikin ya tsufa, Madam Odessa, ma'aikaciyar hukumar, ta same ta a gida. Dawowarta daga aiki ke nan, ta ɗora kumburarrun ƙafafunta a kan kujera.

"Rhonda, zuwa na yi mu tsara ranar haihuwa. Wa zai shiga ɗakin da ke? Wa zai fara ɗaukar jaririn? Kina so a bar ku ku biyu na ɗan lokaci? Wa zai mai da ke gida?"

"Madam, ɗan nasu ne. Su tsara."

"Ɗan zai zama nasu, amma naƙudar taki ce. Ba Marlene ce za ta yi nishi ba."

"Da ana ba da aron naƙuda, ai da ita ma na haɗa mata," in ji Rhonda, ta lumshe ido.

A ranta kuwa akwai abin da take so. Awa ɗaya kawai, ita da jaririn, a rufe ƙofa, ta shayar da shi sau ɗaya, ta gaya masa ba ƙinsa ta yi ba. Amma tana tsoron in ta nema a ce ta fara canja ra'ayi. Madam Odessa ta yi ta kiran waya, kullum amsar ita ce, "Sai na huta."

Naƙuda ta kama ta da rana tsaka tana ninke zannuwan gado, aka garzaya da ita asibiti. Da nas ta tambaya ko Marlene da Curtis su shigo, Rhonda ta gyaɗa kai kawai. Ta haifi namiji. Curtis ya yanke cibiya. Nas ta tsaya da jaririn tana duban matan biyu.

"Wa zan miƙa wa?"

Rhonda ta ga Marlene na hawaye, ta riga ta miƙo hannuwa. Sai Rhonda ta juya fuska bango. "Ba ta."

Daga nan dangin Curtis suka cika ɗakin da furanni da ɗaukar hoto. Ba wanda ya wulaƙanta Rhonda. Kowa ya zo sai ya rungume ta ya yi godiya. Da suka ga ba ta ko kallon yaron, suka ɗauka ganinsa ne ke mata ciwo, suka koma da shi wani ɗaki don su sauƙaƙa mata.

Ranar sallama ta sa hannu a takardu, ta fito bakin asibiti da jakarta. Ƙanwarta da za ta iya zuwa ɗaukarta na wurin aiki, don ba a gaya mata lokaci ba. Dusar ƙanƙara na zuba. Motar Curtis ta tsaya a gabanta.

"Shigo mu sauke ki, 'yar uwa," in ji Marlene. "Ba za mu bar ki cikin wannan sanyi ba."

Haka Rhonda ta zauna a gaba, jaririn na baya yana tsala kuka, Marlene na lallashinsa. Nono ya kawo mata har ya jiƙa riga. Ta ja babbar rigarta ta sanyi ta rufe, ta kafe ido a kan titi.

A ƙofar gidanta Marlene ta ce a hankali, "Ko za ki ɗan ɗauke shi?"

Injin mota na aiki, maƙwabta na leƙe ta taga, iska na kaɗawa. Rhonda ta dubi fuskar yaron, karo na farko da kyau.

"A'a. Kada sanyi ya kama shi. Ku je."

Marlene ta cika alkawarin da ta yi mata, tana aiko da hotuna, kuma yaron ya tashi cikin gata. Rhonda ba ta taɓa nadamar ba da shi ba. Amma an daɗe, duk sanda aka zo da jariri ziyara gidan tsofaffin, sai ta shige ɗakin wanki ta kunna inji, ta tsaya har su tafi.

Darasin da ke nan shi ne, shiru ba kullum yake zama haƙuri ba. Ranar da ka san za ta yi maka nauyi, ka shirya mata tun kana da sauran ƙarfi, ka faɗi buƙatarka a fili ga masu son taimakonka. Ko mutanen kirki ba sa ganin abin da ke cikin zuciya. In ka bar musu zaɓi, za su yi abin da suke zaton alheri ne, kai kuma ka rayu da abin da ka rasa.