Ɓeran Masar da Fasasshiyar Tukunya

Akwai wani mutum, tsoho, mai gida a wani ƙauye a gindin dutse. Tun yana saurayi ya yi aiki a ɗakin shan magani na mishan, a can ya koyi cewa ƙazanta uwar cuta ce, bai kuwa taɓa mantawa ba. Tsakar gidansa kullum a share take, randarsa da murfi, kaza ba ta taka ɗakin girkinsa. Matarsa ta daɗe da rasuwa. 'Ya ɗaya Allah ya bar masa, sunanta Keziya, gwauruwa ce, tana zaune a garin mijinta mai nisa.

Wata damina aka aiko masa cewa Keziya ta rasu. Ya tafi, aka binne ta. Da aka tashi daga zaman makoki, dangin mijin suka yarda ya tafi da jikarsa Afiniki, yarinya ƙarama wadda ba ta daɗe da fara famfara ba.

Kayan yarinyar ba su da yawa: ƙullin tufafi, da wani tsohon kwando da ta rungume a ƙirji. A cikin kwandon akwai ɓeran Masar, ƙaramar dabbar nan mara wutsiya da mata ke kiwo a ɗakin girki. Keziya ta yi kiwonsu da yawa, amma an yanka wa baƙin makoki wasu, dangi sun raba wasu. Wannan ɗaya, mai fari da ja, yarinyar ce ta ɓoye shi. A ƙarƙashinsa akwai tsohuwar ciyawa wadda hayaƙi ya mayar baƙa, da tsumman zanen uwarta.

Duk tsawon hanya Afiniki ba ta ce wa kakanta uffan ba. Sai dai ta sa bakinta a jikin kwandon ta yi raɗa.

Da suka shiga gida, tsohon ya gwada wasan da suka saba. Ya ce, “To, amaryata, kin tare ke nan? Duk garar da aka kawo mini ɓera ɗaya ce?”

Da can takan murguɗa baki ta ce, “Wa zai auri mai furfura har a hanci?” Ran nan kuwa ta dubi ƙasa, ta ƙara ƙanƙame kwandon.

Tsohon ya gane cewa da wannan dabba kaɗai yarinyar ke magana a duniya. Ya ce a ransa, “'Yata ta mutu ba na kusa. Wannan ba zai mutu a hannuna ba.” Kashegari ya tashi da himma. Ya nemo katako da ragar waya, ya ƙera keji mai kyau, ya yi masa ƙafafu dogaye don kada danshi ya kai shi, ya goge kowace kusurwa don kada tsini ya soki dabbar. Ya kafa shi a tsakiyar gida, inda iska ke kaɗawa, haske kuma ke shiga ta kowane gefe. A ganinsa, duk abin da ke numfashi yana bukatar iska da haske.

Sa'an nan ya juya kan kwandon. Da ya buɗe, wari ya doke shi, warin hayaƙi da fitsari da tsohuwar ciyawa. Ya girgiza kai. Ya ƙone kwandon da ciyawar a bayan gida. Tsumman zanen kuwa, da yake na 'yarsa ne, bai ƙona shi ba. Ya jiƙa shi, ya wanke da sabulu, ya sake wankewa har ruwan ya fita fari, ya shanya, ya goge da dutsen guga, ya ninke ya sa a akwati. Ya yi wa ɓeran wanka shi ma, ya tsane shi, ya shimfiɗa masa sabuwar harawa, ya sa shi a keji.

Afiniki tana tsaye a jikin bango tana kallon duk wannan. Sau ɗaya ta buɗe baki, amma kakanta yana cikin yi mata bayanin ƙuma da ƙwayoyin cuta, sai ta rufe.

Ɓeran ya zaga kejin yana neman wurin shiga, bai samu ba. Babu rami, babu inuwa, babu warin da ya sani. In inuwar shirwa ta gifta sai ya sandare. Daga baya ya matse a kusurwa ɗaya, ya juya wa duniya baya, jikinsa yana rawa.

A ƙauyen nan ba a barin mai makoki shi kaɗai. Abin kunya ne a ce an yi maka rashi, gidanka ya yi shiru. Saboda haka matan zumunta na ikilisiya suka zo gaisuwa, shugabarsu Mama Damaris a gaba, da tulunsu na kiɗa da caki. Suka cika tsakar gida, suka kewaye kejin domin a nan fili yake, suka raira waƙoƙin ta'aziyya da dukan zuciyarsu, wasu suna hawaye. Aka ɗauki Afiniki daga wannan cinya zuwa waccan.

Mama Damaris ta tallafi haɓarta ta ce, “Yi magana mana, 'yata. Kada ki riƙe a ciki. Faɗa mana yadda Mama ta yi.”

Wata ta buɗe kejin ta ciro ɓeran. “Ku ji shi kamar auduga.” Ya bi hannu hannu har ya zaga taron. Wata mai ban dariya ta auna shi a tafinta ta ce, “Baba, ka dai ba shi dusa ya yi ƙiba. Romonsa yana ƙara wa yaro jini.” Aka yi dariya, domin ta faɗa ne don a ɗan saki rai. Afiniki ba ta yi dariya ba.

Haka aka yi ta zuwa. In waɗannan sun tafi, waɗansu su shigo. Tsohon yana godiya ga kowa, yana jin daɗi cewa jikarsa ta faɗo cikin mutanen kirki.

Amma ɓeran bai ci kome ba. Tsohon ya kawo ganyen dankali, ya kawo ɓawon doya, ya kawo dusa, ya tafi har fadama ya yanko ɗanyar ciyawa mai raɓa. In ya ajiye, ba ya iya haƙuri. Kafin a jima ya dawo ya buɗe ƙofa, ya sa hannu ya ɗago dabbar, ya duba idonta, ya latsa cikinta, ya mayar. Da ya ga tana ramewa, ya dama ruwan gishiri da sukari yadda aka koya masa, ya buɗe bakinta da yatsa, ya ɗura mata da ƙaramin cokali. Yana yi yana addu'a. Ba wanda zai ce mutumin nan bai yi ƙoƙari ba.

Wata safiya ya fito da sabuwar ciyawa a hannu, ya tarar da ɓeran kwance a kusurwarsa, ya miƙe, ya yi sanyi. Ya daɗe tsaye, ciyawar tana hannunsa. Ya juya don ya nemi kalmar da zai gaya wa yarinyar, sai ya ga tabarmarta babu kowa. Ashe ta riga shi gani.

Ya duba ɗaki, ya duba bayan gida, ya leƙa rijiya. Can ya hangi 'yan yatsun ƙafa a ƙarƙashin rumbu, tsakanin duwatsun da rumbun ke kai, inda duhu yake da yanar gizo-gizo. Ya durƙusa da ƙyar, ya leƙa. Tana kwance a dunƙule, ta danna wani tsohon ɗankwali a hancinta. Na Keziya ne, duk maiƙo da hayaƙi. Ta ɓoye shi tun ran da ta ga an wanke zanen.

Ya ce, “Fito, akwai kunama a nan.” Ya miƙa hannu ciki.

Yarinyar ta ja da baya har ta matse a jikin dutse, ta juya masa baya, jikinta yana rawa. Tsohon ya tsaya da hannunsa a miƙe. Ya san wannan matsewa, ya san wannan rawar jiki. Kwana da kwanaki yana ganinsu ta cikin ragar waya. Ya dubi hannunsa, hannu mai tsabta, wanda bai taɓa nufin kowa da mugunta ba, ya janye shi a hankali.

Ya tafi ya dama kunu, ya ajiye ƙwaryar a bakin rumbun, bai tura ta ciki ba. Ya zauna a ƙasa, ya jingina da rumbun, ya ba yarinyar baya, ya yi shiru.

Da hantsi aka yi sallama. Mama Damaris ce da wasu mata. Tsohon ya tashi ya tare su a zaure, ya yi abin da ba a taɓa yi ba a ƙauyen.

Ya ce, “Ku yi mini gafara. Yau ba ma karɓar baƙi.”

Mama Damaris ta dube shi. “Baba, mu ne baƙi? Mun yi laifi ne?”

Ya ce, “Ba ku yi ba. Ku yi mana addu'a daga gida.”

Suka juya ransu a ɓace. Ya koma ya zauna inda yake. Rana ta take, inuwar rumbu ta janye ta bar shi, bai matsa ba. Ƙafafunsa suka yi tsami. Kalmomi masu kyau suka yi ta zuwa bakinsa, na ta'aziyya da na gargaɗi, yana haɗiye su ɗaya bayan ɗaya. Sai da rana ta karkata ya ji ƙwarya ta motsa a bayansa. Bai waiwaya ba.

Can wata ƙaramar murya ta ce, “Kaka.”

Ya ce, “Na'am.”

“In Mama ta kawo sabon ɓera, takan kifa masa fasasshiyar tukunya kusa da murhu. Ta zuba masa ciyawar gidansu. Ba ta taɓa shi. Sai ya fito da kansa.”

Tsohon ya rufe ido. Ya ce, “Ban sani ba, amaryata.”

Ta ce, “Ba ka tambaya ba.”

Da yamma suka binne ɓeran a gindin kuka. Tsohon ya ɗauko zanen daga akwati don a naɗe ɓeran da shi. Yarinyar ta karɓa, ta kai hanci, ta daɗe tana shaƙa, sa'an nan ta miƙa masa ta ce, “Sabulu kawai.” A nan ne tsohon ya yi kukan da bai yi ba a bakin kabarin 'yarsa.

Ma'anar wannan misali ita ce. Ɓeran nan da yarinyar nan, su ne duk wanda aka tumɓuke daga wurinsa aka kawo cikinmu: maraya, da gwauruwa, da wanda tashin hankali ya koro daga garinsu, da wanda ya shigo bangaskiya jiya, danginsa suka juya masa baya. Kejin shi ne gidajenmu da ikilisiyarmu. Mai kyau ne, da ƙauna aka ƙera shi, amma sau da yawa babu inuwa a cikinsa. Mutum bai gama ajiye kayansa ba mun tsai da shi gaban jama'a, mun ce ya ba da shaida. Muna so ya ci, ya yi dariya, ya gode, duk a mako ɗaya, domin hankalinmu ya kwanta.

Tsohuwar ciyawa da tsumman zane su ne abin da baƙo ya zo da shi daga rayuwarsa ta dā: harshensu, irin tuwonsu, sunan wanda ya rasa, wani ɗan abu mara daraja da yake ɓoyewa. A hancinmu wari ne. A gare shi kuwa, shi ne kaɗai abin da ya rage wanda ya san shi. Ku lura, 'yan'uwa, ba mugu ko ɗaya a cikin misalin nan. Tsohon yana ƙauna, matan zumunta suna ƙauna. Hannun ƙauna ne ya kashe dabbar, domin ƙauna ce mara haƙuri, wadda ba ta tambaya.

Fasasshiyar tukunya ita ce wurin da za mu bar wa mai baƙin ciki ya ɓuya har ya fito da kansa. Ubangijinmu haka yake yi da mu. Ya san inda kowannenmu ya matse, ya fi mu sanin kunamar da ke wurin, duk da haka ba ya jan mu da ƙarfi. Yakan ajiye abinci kusa, ya zauna, ya jira muryarmu. Wa a cikinmu bai sa shi jira ba?

Ni mai ba ku wannan misali tsoho ne, na ga mutane da yawa sun shigo cikinmu da hawaye, sun fita a shiru, muka ce ba su da godiya. Saboda haka, in Allah ya kawo maka wani mai rawar jiki, kada ka bar shi, kada kuma ka danne shi. Zauna kusa. Tambaya, sa'an nan ka yi shiru har amsa ta zo. Kafin ka wanke abin wani, ka tuna akwai abin da in an wanke shi ba ya dawowa.

Afiniki ta girma a gidan kakanta, ta koma murguɗa masa baki. Ɗankwalin nan bai taɓa shiga ruwa ba. A ɗakin girkin tsohon kuwa, ɗakin da ko kaza ba ta takawa, har ya mutu akwai wata fasasshiyar tukunya a kife kusa da murhu, baƙa wuluk, ba kome a ƙarƙashinta. In yana shara yakan zagaye ta.