Kurege da Kuɗin Ƙafa

Ga ta nan ta iso, ku matso ku tare ta.

Kurege dai kun san shi: ɗan mitsitsi, ciki kullum a rarake, baki kuwa ya fi jikin girma. Wata shekara da bazara ya ci bashin gyaɗa mudu uku a wurin Gafiya, mai awo a kasuwar dawa, ya ce da kaka zai biya. Kaka ta zo ta wuce. Gafiya ta yi sintiri har ta gaji, ta kai ƙara gaban Alƙali Ɓauna. Alƙali ya saurara yana tuƙa, ya ce Kurege ya biya, in ya ƙi a tura masa yaran kotu.

Ba wai gyaɗar ce babu ba. Akwai buhu guda cur a ƙuryar raminsa, shi ne abincinsa har damina ta faɗi, in ya tafi kuwa sai dai ya ci ƙasa. Amma ya fito daga kotu yana kaɗa wutsiya yana cewa, "Ni ne Kurege, ƙarami mai wuyar kamu. Wanda zai auni gyaɗata ba a haife shi ba tukuna."

Da gari ya waye sai ga Kura, babbar 'yar aiken kotu, ta tsaya a bakin ramin tana haki. Ta yi sallama da ƙarfi, ta ce bashi mudu uku ne, kuɗin ƙafa kuma, wato ladan tattakin da ta sha, mudu biyar.

 Nan da nan Kurege ya yayimo wani tsohon mayafi ya lulluɓa, ya fito yana shessheƙa da siririyar murya.

"Sannu da zuwa, ranki ya daɗe. Ai maigidan ya riga mu gidan gaskiya jiya da la'asar. Hukuncin nan ne ya tsaya masa a zuciya."

Kura ta sunkuyar da kai. "Allah ya jiƙansa, baiwar Allah, ya ba ki haƙuri." Ta haɗiye yawu. "A ina aka binne shi? Ina so in je in yi masa addu'a."

Kurege ya nuna mata wata sarƙaƙiya mai ƙaya can gefen fadama. A nan Kura ta wuni tana tono, ta koma gida hanci duk jini, ba gawa ba gyaɗa. Shi kuwa ya cire mayafi, ya yi dariya har da birgima.

Da gari ya waye aka kamo shi a kasuwa yana taya rake, aka kai shi gaban alƙali. Kura ta ce yanzu kuɗin ƙafa ya zama mudu goma, saboda ƙayar da ta taka.

Alƙali ya dube shi. "Kai ba an ce ka mutu ba?"

"Na mutu, Allah ya gafarta Malam. Da na ji kuɗin ƙafa ya fi bashin yawa ne na farfaɗo, don ko gawa ba ta kwanciya a kan wannan. Ina da tambaya. Sunansa kuɗin me?"

"Kuɗin ƙafa."

"To ƙafar Kura nawa? Huɗu, kuma ta baya ɗaya janta take yi. Daga ina aka samo ta biyar, balle ta goma? In kuɗin ƙafa ne, a ƙirga ƙafa. In kuma kuɗin ciki ne, a faɗa mana mu sani."

Kotu ta kwashe da dariya. Alƙali dai kowa ya san yana da kasonsa a cikin mudun nan, sai kunya ta kama shi a gaban jama'a. Ya yi gyaran murya, ya yanke cewa daga yau kowace ƙafar da ta taka ƙofar gida mudu ɗaya ce, ba ƙari ba ragi. Kura ta yi fushi ta ce ba za ta sake zuwa a kan wannan farashi ba.

Da gari ya waye aka turo Zalɓe. Ya taso ta sama, ya sauka a kan kututturen da ke gefen ramin. Kurege ya leƙo ya ce, "Malam, da fiffike ka zo, kuma ga ka a kan itace. Wace ƙafar zan biya?" Zalɓe ya yi ta nazari, ya tashi ya tafi. Aka turo Mesa. Kurege ya zagaya ta daga kai har wutsiya yana duddubawa, ya ce shi bai ga abin biya ba. Abin da zai ba ku haushi, ko ɗayansu bai tambayi bashin Gafiya ba. Tunda babu nasu, wa zai ɗauki kayan wani a banza?

Kurege ya hau kan suri yana kirari. "Ni ne na mutu na dawo. Na sa alƙali ya yi hukunci da bakina. Kotu ta aiko sama, ta aiko ƙasa, duk sun koma hannu wofi."

Da gari ya waye ya hango ƙura a hanya. Kura ce tafe da mudu da buhu wofi, a gabanta kuma sabon ɗan aike, Shanshani, yana tafiya a hankali, ƙafafu reras ta kowane gefe kamar haƙoran mataji. Tsoro ya kama Kurege sosai, don ya san ko rabinsu suka taka ƙofarsa buhun nan ya tafi.

Ya shafe jikinsa da toka, ya cusa wutsiya a cikin wando, ya ɗora gammo, ya tare su a matsayin ɗan dako.

"Ranka ya daɗe, babba kamarka ya taka ƙasa? Hau bayana in kai ka har cikin ɗaki, kyauta."

Yaron kotu bai taɓa ƙin kyauta ba. Shanshani ya haye, ya kwanta, Kurege ya kama hanya yana jure cakulkuli. Dabarar ta kusa ci, don har sun iso bakin ramin babu ƙafar da ta taɓa ƙasa. Sai bakin nan nasa ya kasa haƙuri. Ya ce ƙasa-ƙasa, "Ni ne Kurege, mai goya hukuma." Ya manta kunnen Shanshani na daidai wuyansa.

Shanshani ya gantsara masa cizo. Kurege ya yi tsalle yana ihu, ɗan aike ya faɗo tim a ƙofar gida, ya miƙe, ya shiga takawa ɗaya bayan ɗaya ba gaggawa. Kura ta zauna ta gyara mudu. Ƙafa ɗaya, mudu ɗaya. Kurege na tsaye da kumburarren wuya yana kallon abincin bazararsa na komawa buhun wani. Gyaɗa ta ƙare ƙaf ba a gama ko gefe ɗaya ba.

Ana haka sai ga Gafiya da 'yar ƙwaryarta. "Ranki ya daɗe, nawa mudu ukun fa?"

"Bashinki na nan daram," in ji Kura tana ɗaure bakin buhu. "Ki koma kotu a turo miki ɗan aike."

Sannan ta juyo ta kai wa Kurege cafka a kan sauran ƙafafun da ba a biya ba. Ya zille, ya bar mata wando da rabin gashin wutsiya, ya ranta a na kare. Sai da ya kai can nesa ya tsaya, ciki wayam, wuya a karkace, ya ɗaga murya.

"Zan ɗaukaka ƙara! Da idona na gani, ƙafa uku ba su taka sosai ba."

Ƙurunƙus, yau kan kurege ne, ba na kusu ba.