Burduddugi da Mazari Mai Jar Ɗamara

Ga ta nan tafe, ga ta nanku.

Ta ƙaraso mu ji ta.

Wani kwaɗo ne, Burduddugi, yana zaune a fadamar kurmi, cikin inuwar tukurwa. Ran nan Toron Giwa, sarkin daji, ya sa aka yi shela: za a sare kurmin, a janye ruwan, a yi masa gonar rake.

Burduddugi ya je fada, ya faɗi ya yi gaisuwa. Ya ce, "Ranka ya daɗe, akwai wani mazari a fadamarmu, shuɗi, mai jar ɗamara a ƙugu. Irinsa ba sa hayayyafa sai a ruwan inuwa. In aka sare kurmi, sun ƙare a duniya."

Sarki ya ce, "Ka taɓa ganinsa?"

"Kakana ya gani."

"Yaya ya ce yake?"

"Ya ce akwai daɗi, ranka ya daɗe."

Sarki ya ce, "Kawo shi da ransa, in bar kurmi."

Burduddugi ya koma, ya hau ganyen bado, yana jira. Wani mazari ya zo. Kafin ido ya duba, harshe ya riga ya kai, ya haɗiye. Hankalinsa ya tashi. Can ya yi gyatsa, sai ga wutsiya, koriya. Ya ce, "Alhamdu lillahi, ba shi ba ne."

Wani ya zo. Burduddugi ya danne harshe, ya danne, harshe ya kuɓuce. Ya leƙa abin da ya rage a bakinsa: shuɗi, amma babu ɗamara. Ya ce, "Kai ma ba kai ba ne. Allah ya jiƙanka."

Sai ya yagi ganyen tukurwa, ya ɗaure bakinsa tamau. Yana nan, yana nan, sai ga shuɗi mai jar ɗamara ya sauka a kan hancinsa. Yawu na zuba, Burduddugi na tsalle, har fada.

Sarki ya ce, "Shi ne wannan?"

Burduddugi ya ce, "Mmm."

"Kwance bakin ka amsa mini."

Burduddugi ya girgiza kai.

"Ni kake ƙi wa magana? In taka ka?"

Burduddugi ya runtse ido, bai kwance ba.

Sai mazari ya ce, "Ranka ya daɗe, a bar Baba haka. In bakin nan ya buɗe, shaida ta ƙare."

Sarki ya yi dariya har ya zauna a kan magatakardansa. Ya ce, "Kurmi ya tsira. Duk wanda ya taɓa tukurwa ɗaya, da ni yake."

Burduddugi ya kai mazari gida, ya juya masa baya, sannan ya kwance bakinsa.

Ƙurunƙus, kan ɗan ɓera ya faɗa tukunya. Wanda zai kare wani, ya fara kare shi daga bakin kansa.