Ƙulli Uku a Kan Turke

Akwai wani manomi wanda gonarsa ta yi albarka, sai ya sayi ɗan doki. Dokin bai isa hawa ba tukuna, amma mutumin har ya sayo sirdi ya rataye a zaure, kullum yana shafa shi. Kawunsa, wanda ya tsufa cikin kiwon dawaki, ya ce masa, "Ɗana, hawa sai baɗi. Bana zo ka koyi riƙo."

To, manomin nan yana da wata cuta, ita ce "na sani". Kawu ya ce kada ya bi ta bayan doki shiru, ya yi magana tukuna, ya dafa shi. Ya ce, "Na sani, Kawu." Aka ce kada ya ajiye harawa kusa da wutar da ake hurawa a barga don hayaƙi ya kori sauro. Na sani. Mutumin da bai taɓa kwashe kashin doki ba! Tsoho yana magana, shi kuwa idonsa yana kan sirdi.

Wata rana Kawu ya tsuguna a gindin turke, ya nuna masa ɗaurin da yake riƙe doki gam, amma ja ɗaya yake kwance shi. Manomin ya yi dariya ya ce, "Ni da nake ɗaure shanun huɗa, yau za a koya mini igiya?" Ran Kawu ya ɓaci ƙwarai. Ya kaɗe rigarsa ya ce, "Na gaji da zuba ruwa a kwando." Yana ba da baya, manomin ya kwance, ya yi nasa ƙulli, uku a kan juna.

Da damina ta yi nisa, wata yamma iska ta ɗauki tartsatsi ta jefa cikin harawar da ya jibge dab da wutar. Rumfar barga ta kama. Dokin ya firgita yana fizga, kowace fizga kuwa ƙara ɗaure ƙullin take yi. Manomin ya durƙusa yana fama da igiya, da farce, da haƙori, yana kiran Kawu. Kafin tsohon ya iso da lauje ya yanke igiyar, ciyawar rumfa mai ci da wuta ta zubo a gadon bayan dokin.

Dokin ya rayu. Amma tabon ya zauna daidai inda sirdi yake zama, ba a kuwa taɓa hawansa ba.

Ma'anar wannan misali ita ce: Kawu shi ne kowane mai koya mana Maganar Allah, ƙulli uku kuwa taurin kanmu ne. Abin yana ba ni haushi, domin ina ganinsa kowace Lahadi. A ce mu yi addu'a a gida, mun sani. A ce mu riƙe harshenmu, mu nemi gafarar wanda muka ɓata wa, mun sani. Kowa so yake a ɗora shi a gaba, ba mai son shara. Ranar da wuta ta kama a gidanka, ba za ka sami zarafin koyon abin da ka ƙi ji ba, sau da yawa kuma ba kai ne za ka ɗauki tabon ba, wanda aka ba ka amanarsa ne. Sirdin mutumin nan yana nan rataye a zaure, gara tana cinsa.