Iskar Kashin Shanun Daso

Wai wani dagaci ne ya ji malamin gona yana cewa taki na fitar da wata iska mai ƙara wa duniya zafi. Nan take ya sa aka kira Daso, wadda mijinta ya rasu ya bar mata shanu.

"Ki tattaro iskar kashin shanunki kaf, ko ki bar mana gari!"

"Ranka ya daɗe, ina shanun suka zauna bayan girbi?"

"A gonata mana! Ba na ba ki damin dawa ba?"

"To, kashin da aka ba da dawa dominsa, na wa ne?"

"Na mai gona!"

Daso ta miƙa masa ƙwaryarta. "Ga aro, ranka ya daɗe. A fara tarawa."

Fada ta kwashe da dariya, Daso ta koma wa shanunta.