Ƙadangare da Fitilar Gansakuka

An yi wani lokaci da masana suka tura dabbobi uku sararin samaniya cikin kumbo, don su ga ko za su rayu. Akwai Kwaɗo mai kula da aiki, da Ɓera sarkin tsoro, sai Ƙadangare, wanda jan kansa ya sa yake ganin ya fi kowa.

A can babu sama babu ƙasa, kowa yawo yake kamar audugar rimi. Iska kuma ba ta shigowa daga waje. Abin da ke raya su kwalba ce guda cike da gansakuka, koren nan da ke kwanciya a kan kududdufi. In fitila ta haska ta, sai ta zuƙe numfashin da suka fitar, ta ba su sabuwar iska. Kullum Kwaɗo sai ya girgiza kwalbar, domin a can kumfa ba ya tasowa da kansa.

To, Ƙadangare ya saba da shan hantsi a kan katanga.

Ya ce, "Haba Kwaɗo! Fitila ɗaya tak, ka ba ƙazantar kududdufi, ni sanyi na kashe ni?"

Kwaɗo ya ce, "Yallaɓai, ƙazantar nan ita ke ba ka abin shaƙa."

"Ni? Allah Ya kiyaye!"

Gogan naka ya juyo da fitilar ya rungume ta, har da lumshe ido.

Ɓera ya ce, "Wayyo, mun shiga uku! Kwaɗo, fizge ta mana!"

Kwaɗo ya ce, "In ta fashe wajen kokawa fa? Yau ga ƙadangaren bakin tulu."

Kwana biyu gansakuka ta koɗe. Ɓera sai haki yake. Kwaɗo ya yi roƙo har muryarsa ta dushe, tsoro ya kama shi sosai.

Ana nan sai jiri ya ɗebi Ƙadangare. Hannuwansa suka saki, ya yi ta yawo ciki a waje, jan kan ya yi fari fat.

Kwaɗo ya yi wuf ya mayar da fitilar. Ya girgiza kwalba, ya girgiza, har hannunsa ya sage. Can sai ga ɗan kumfa guda, ga wani, ga wani. Ɓera ya ja dogon numfashi ya fashe da kukan murna, Kwaɗo kuwa ya ji kamar an sauke masa dutse daga ƙirji.

Da Ƙadangare ya farfaɗo, Ɓera ya ce, "Yallaɓai, a kawo maka fitilar?"

Ƙadangare ya dubi kwalbar, ya gyaɗa mata kai, ya sake gyaɗawa. Har yau bai daina ba.

Darasin wannan labari shi ne, kada ka raina abu don ƙanƙantarsa ko muninsa. Wataƙila da shi kake numfashi ba ka sani ba.