Akuya da Gyauron Dawa

Dalilin da ya sa akuya ke kai baki ga komai, har zanen da aka shanya, ba kwaɗayi ba ne, yara, ko da yake haka ake cewa.

A da, Akuya wuri ɗaya take kiwo, ta ƙoshi ta kwanta. Tana gidan wata tsohuwa, Iya Tabawa, tare da Tunkiya. Shekara uku Akuya tana ɓari, a ta huɗu ta haifi tagwaye. Tun daga nan ta ɗauki wata al'ada: ba ta cin komai sai 'ya'yanta sun ƙoshi.

Wata shekara, bayan an yanke dawa, aka yi ruwan bazata. Kututturan dawa suka sake tofo, kore shar. Shi ne gyauro. Tunkiya ta hango shi, amma ciwon kofato ya hana ta zuwa.

Ta ce, "Yaya, kai yaran nan gonar bayan gari. Dubi haƙarƙarinsu, kamar tsani."

Akuya ta ce, "Ke fa?"

"Da wace ƙafa? Ku ci har da rabona."

Ba wadda ta san gyauro ɗanye dafi ne. Akuya ta kai su, ta koma gefe tana gadi, yawu na tsinke mata, ba ta taɓa ko ganye ɗaya ba.

Kafin la'asar cikin yaran ya kumbura kamar ganga, numfashi ya gagara. Iya Tabawa ta ɗura musu man gyaɗa da jiƙon kanwa, tana cewa, "Haɗiye, ɗan nan, haɗiye mana." Na farko ya mutu a hannunta. Na biyu ya kai magariba, sannan ya bi shi.

Tunkiya ta ɗingiso ta zo gaisuwa. "Yaya, ni na aike ku."

Akuya ta ce, "Ke kin ga kore ne kawai. Ni ce uwa. Da na fara ci, da cikina ne ya gaya mini."

Washegari aka gan ta tana bin gari, ta gutsuri wannan, ta lasa wancan, ba ta tsayawa ta ƙoshi.

Shi ya sa har yau akuya ke ɗanɗana duk abin da ta tarar, sannan ta waiga ta yi kira. Tana gaya wa 'ya'yan nata ne cewa wannan ba ya kisa, su zo su ci.